Tambarin da Baki Bai Iya Kira Ba: Darasi daga Kongolam

Kongolam, garin kan iyaka da ke ƙaramar hukumar Mai'aduwa a masarautar Daura, wuri ne da ya dace a auna ingancin kowane tambari na zamani. A nan naira da sefa suke haɗuwa, allunan wannan ɓangare da Ingilishi, na wancan da Faransanci, alhali ciniki da Hausa ake yin sa. Daga cikin masu saye da sayarwa akwai mai karatun boko, akwai mai ajami, akwai wanda bai yi ko ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne wayar hannu da 'yan ƙananan alamomin da ke jere a fuskarta. Matsayin wannan maƙala shi ne, tambari ba ya cika mai sauƙi a ƙasar Hausa sai ya zamana ana iya kiran sa da kalma ɗaya ko biyu.

Ita kanta kalmar tana nuni da haka. Asalin tambari ganga ce ta sarauta, wadda da jin amonta an san mai ita ba sai an tambaya ba. Da Bahaushe ya ari kalmar ya ɗora wa alamar kamfani, aikin nan ne ya ɗora mata: ta sanar da mai ita nan take.

Tarihin siyasa da na kasuwa sun tabbatar da wannan. A Jamhuriya ta Farko, NPC fartanya ta riƙe, NEPU kuwa tauraro. A zaɓen 1979 PRP ta zo da mabuɗi, NPN da gida da masara. Yau ma tsintsiya da lema sun fi haruffan jam'iyyunsu yawo a bakin mutane. Haka a kasuwa, ana cewa Maggi mai tauraro da taba mai zobe. Sirrin ginin nan na "mai kaza" shi ne, yana mayar da hoto ya zama suna, sunan kuma ya shiga saƙo. Uwa za ta aiki yaro, yaro ya faɗa wa mai kanti, ba wanda ya karanta ko harafi ɗaya.

Masu zanen alamomin manhaja sun rungumi sauƙaƙawa, kuma suna da hujja, domin filin da suke aiki a kai bai wuce farcen babban yatsa ba. A 2022 kamfanin MTN ya rage tambarinsa zuwa baƙin zobe da haruffa uku, amma bai taɓa ruwan ɗorawarsa ba, don haka bai ɓace wa kowa ba. Jan launin Airtel kuwa iri ɗaya ne a Nijeriya da Nijar, yana tsallake shingen Kongolam ba tare da tafinta ba. Sai dai akwai sauƙin da ke zama asara. A 2020 Google ya sake zana alamomin Gmail da Drive da Calendar da Meet, ya zuba musu launuka huɗu iri ɗaya, mutane da dama suka koka cewa sun kasa bambance su. Idan mai karatu ya ruɗe da wannan, ina ga wanda launi da siffa kaɗai ne jagoransa?

Lamarin ya fi nauyi a manhajojin kuɗi, inda yawancin alamomin harafi ne guda na boko a kan launi guda. Ga ɗan kasuwar dabbobi da ya sayar da sa a Mai'aduwa, harafin nan zane ne kawai marar suna; iyakarsa ya ce "shuɗin" ko "koren". Launi kuwa ba shi da wuyar kwaikwayo ga mazambaci. Wanda bai iya tantance alamar ba dole ya miƙa wayarsa ga wani, ya miƙa sirrin dukiyarsa tare da ita.

Za a iya cewa maganin shi ne a koma ga alamomin gida. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Dagin Arewa ya yawaita a kan gine-gine da riguna da takardun ƙungiyoyi har ya zama yana faɗin yanki, ba ya faɗin mai abu. Sannan akwai masu cusa littafi da alƙalami da dagi da taswira cikin da'ira ɗaya, in an ƙanƙanta ta a waya sai ta koma ɗigon tawada. Daura tana da rijiyar Kusugu, tana da takobin Bayajida. Mai zane nagari ɗaya zai ɗauka, ya bar ɗaya.

A nan ne manazarta Hausa suke da abin bayarwa. Sunayen da jama'a ke laƙaba wa kayayyaki da manhajoji fage ne na nazarin ma'ana da ya cancanci a tattara shi daga kasuwannin kan iyaka. Da irin wannan taska, mai zane zai iya gwada aikinsa kafin ya fitar: ya nuna wa dillali da mai shayi da direban tasha, ya tambaye su sunan abin da suka gani. In suka yi tarayya a kan kalma ɗaya, tambari ya samu. In kowa ya kama tasa, da sauran aiki.