Sola Ta Kyauta: A Ba Ka Akuya A Riƙe Igiya

Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira, to ku yi mini afuwa, yau alƙalamin ya ƙi bi ta kan soyayya. Wani abu ne ya tsaya mini a maƙogwaro tun ƙaramar sallar da ta wuce, na yi haɗiya ya ƙi wucewa, na ce bari dai in amayar da shi a nan kowa ya ji. Wanda zai ce ba ni da godiyar Allah ya faɗa, na riga na sha jin hakan.

Maganar sola ta kyauta ce, wannan da ake yawo da ita gida-gida ana cewa an zo a fitar da talaka daga duhu.

Bari in fara da Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune a wani ƙauye can bayan Bichi. Ana saura 'yan watanni a yi zaɓen 2023 yaran wani ɗan takara suka shiga garin da mota cike da kwalaye. Gida-gida aka bi, aka kafa faranti ɗan ƙarami a kan kwano, aka ja waya, aka rataya ƙwai uku, aka ajiye wani ɗan akwati mai hujin cajin waya. Aka tsayar da tsohuwa a ƙofar ɗakinta aka ɗauke ta hoto tana riƙe da fastar mutumin. Da na je gaishe ta har da hawayenta. Ta ce, "'Yar nan, ashe da rabon in ga lantarki a ɗakina kafin in koma ga Mahaliccina." Wallahi ni ma sai da idona ya cika. Ban da rigimar da aka sha tsakanin matan ɗanta biyu a kan ɗakin da za a kai ƙwai na uku, komai lafiya lau.

Shekara guda da 'yan watanni sai hasken ya fara gajiya. Da yana kai wa asuba, ya koma ƙarfe goma sha ɗaya, ya koma bayan isha'i, daga nan sai ɗif. Ta aiko mini da akwatin a cikin buhu ta hannun direban garinsu. Na ɗauka na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari, ya kwance, ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, batir ne ya mutu. Kuma irin wannan ba ma samunsa, an yi shi ne daidai cikin akwatin nan. In kin matsa sai dai a yi masa dabara, kuɗin dabarar kuma gara ki sayi sabo." Na kira lambar da ke jikin kwalin har sau biyar, a kashe. Ɗan takarar kuwa ya ci zaɓensa, ko ƙurar motarsa ba a sake gani ba.

To jama'a, ni wannan dabarar ba baƙuwata ba ce, domin da ita muka ci abinci. Duk wanda ya san harkar littattafanmu a lokacin da kasuwa take kasuwa ya san yadda muke yi. Za ka fitar da littafi na ɗaya da araha, ka ja mai karatu har sai an ɗaura aure ango ya sa ƙafa a ƙofar ɗaki, sai ka datse, ka rubuta masa a haɗu a littafi na biyu. Riba tana cikin na biyu da na uku. Ni na yi, ƙawayena sun yi, Allah Ya yafe mana. Shi ya sa ina ganin farantin nan a kan kwanon Gwaggo na gane littafi na ɗaya ne. Bambancinmu da su, mu muna rubutawa a bango cewa akwai na biyu, su kuwa ba sa faɗa.

Littafi na biyun shi ne batir. Shi farantin sola ba shi da laifi, mai kyau yana iya shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Amma faranti ba ya ajiye wuta, da rana ta faɗi aikinsa ya ƙare, kuma mu da dare muke son haske. Abin da ke riƙe wutar shi ne batir, shi ne mai tsada, shi ne kuma mai gajeren kwana. Batir mai dalma, irin wanda aka fi cusawa a kayan araha, in ya yi shekara 2 ko 3 ya yi ƙoƙari. Kuma babu abin da ke cinye ransa kamar zafi. Waɗanda suka ƙera shi suna auna ƙarfinsa ne a kan zafin da bai wuce maki 25 ba, mu kuwa a nan Kano watan Afrilu yana haura 40, balle ɗakin kwano marar silin da azahar. Ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe farantin ta rage masa ƙarfi. Wa ya gaya wa Gwaggo ana hawa ana gogewa? Wa ya gaya mata in ana tatse batir har ƙasa kullum dare, jikoki da maƙwabta kowa na kawo wayarsa caji, kwanansa ake ragewa? Babu. Hoto aka zo ɗauka, an kuma ɗauka.

Wannan ke nan ta 'yan siyasa, wadda ko ba komai ba a karɓi sisinka ba. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta 'yan kasuwa masu sanye da rigar taimako. Akwai wani tela a layinmu, mutumin kirki, mai 'ya'ya shida. Wani yaro mai jaka a kafaɗa ya zo masa da zance mai daɗi: "Baba, kafawa kyauta ce, kai dai ɗan abin da ba a rasa ba za ka riƙa sakawa duk mako." Aka miƙo takarda shafi huɗu da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, ya sa hannu. Abin da bai sani ba, akwatin yana da makulli a cikinsa. Kana biya a turo maka lamba ka danna ya buɗe, kwanakinka na ƙarewa ya rufe kansa. Ran da na shiga shagonsa ana saura kwana huɗu sallah, rana tana dukan farantin kamar ta fasa shi, batir a cike, amma ƙwai ya ƙi kamawa saboda matarsa ta haihu a makon nan kuɗin sun tafi asibiti. Ku duba fa, ranar Allah ce take zuba a kan rufinsa, amma sai wani da ke zaune a ofis ya ba shi izini. Da ya yi wata biyu bai biya ba suka zo suka kwance kayansu, abin da ya zuba na wata goma sha ɗaya ya bi ruwa, suka bar masa hujojin ƙusa a kwano. Damina na zuwa ruwa ya riƙa ɗiga a kan ɗinkin mutane. In wannan ba a ba ka akuya a riƙe igiya ba ne, to mene ne?

Kada a ce na yi wa kowa kuɗin goro. Sayar da kaya a biya da kaɗan-kaɗan ba laifi ba ne, mu mata mun fi kowa sanin adashe da dillaliya. Abin da na ƙi shi ne kalmar kyauta. Ku ɗauki shirin gwamnatin tarayya da aka kira Solar Power Naija, wanda aka sanar a 2020 da alƙawarin haɗa gidaje miliyan 5, aka ce mutum miliyan 25 za su amfana. A Jangefe ta ƙaramar hukumar Roni a Jigawa, nan kusa da mu, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya je ya ƙaddamar da rabon a watan Afrilun 2021. Ita gwamnati, a yi mata adalci, ta faɗa tun farko cewa biya za a yi, daga naira 1,500 a mako zuwa 4,000 a wata, har shekara uku. To ku ɗauko biro. Naira 4,000 sau wata 36 ya kama 144,000. Naira 1,500 sau mako 156 ya kama 234,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Amma kafin zancen ya biyo ta bakin 'yan kanzagi ya iso zauren mai unguwa, ya riga ya zama "gwamnati na raba sola kyauta." A kan wannan giɓin 'yan damfara suka kafa rumfa. Sau nawa aka turo mini saƙo a WhatsApp wai in cike fom in sa lambar BVN da kuɗin rajista za a kawo mini sola har gida? Ni na goge. Wata ƙawata ba ta goge ba, har yau tana jiran mota.

Sai kuma abin da ba na jin kowa yana magana a kai: ina matattun batiran suke zuwa? Ni na ga inda suke zuwa. 'Yan gwangwan ne ke saye a kilo, a fasa da guduma a bakin kwata, a tuttular da ruwan asid ɗin a lungun da yaranmu ke wasa ba takalmi, a kwashe dalmar a kai wa masu narkawa. Mu 'yan Arewa bai kamata a ba mu labarin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Gaskiya ne waccan daga dutsen zinare ta fito, ba daga batir ba, amma guba ɗaya ce, kuma yaron da bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Wanda zai raba akwati dubu a ƙaramar hukuma ɗaya, ya taɓa zama ya yi tunanin wa zai bi ya tattara su bayan sun mutu?

Na yi wannan maganar a wani zaman marubuta, wani ɗan uwa da nake ganin girmansa ya ce da ni, "Haba Hajiya, da babu gara ba daɗi. Kin manta gobarar aci-balbal? Kin manta Oktoban 2024?" Malam, ban manta ba. Na tuna lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, akasarin Arewa ta yi sama da mako guda a duhu, ƙanƙara ta zama zinare, masu sola su ne suka riƙa yi wa unguwa caji. Ni kaina da sola nake buga rubutun nan, da kuɗina na saya bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ya gagare ni. Na san kuma rijiyoyin burtsatse da ɗakunan haihuwa da sola ta raya. Ba da rana nake faɗa ba, wa ya isa?

Amma da babu gara ba daɗin nan shi ne ya kawo mu inda muke. Ƙwai uku da cajin waya haske ne, ba wutar lantarki ba ce. Ɗan farantin da ake rabawa bai wuce wat 50 zuwa 80 ba in an yi mutunci, dutsen guga kaɗai yana cin wat 1,000. Ba zai juya injin markaɗe ba, ba zai riƙe firjin mai zoɓo da ƙanƙara ba, ba zai yi walda ba, ba zai ɗaga ruwa ba. Wato duk abin da zai sa mace ta samu na kanta, ko saurayi ya bar zaman majalisa, babu shi a cikin kwalin. An dai ba ka fitilar da za ka ga talaucinka da kyau da daddare. Kano da muka taso muka ji iyayenmu suna zancen jiniyar masaƙu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ba ƙwan fitila ne ya tayar da ita ba, kuma rashin tsayayyiyar wuta na cikin abin da ya kwantar da ita. An buɗe madatsar Kainji tun 1968. An sayar da kamfanonin raba wuta a 2013 aka ce an gama kuka. Ana zancen Mambilla tun ina cikin zanen goyo. Yau ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba abin da bai fi megawat 5,000 ba a mafi yawan ranaku. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A ya koma naira 225 kowane ma'auni. Sannan a kasafin 2025 aka ware naira biliyan 10 domin sanya sola a fadar shugaban ƙasa. Kun ji fa, mai tuwon da kansa ya ƙi cin tuwonsa. Nasu kuwa na tabbata ba mai ƙwai uku ba ne, kuma in batirinsu ya mutu ba a buhu za a aiko shi Sabon Gari ba.

Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Duk garin da aka raba wa akwatunan nan, a takarda ya shiga sahun waɗanda aka ba wuta. Gobe in mutanen garin Gwaggo suka tashi neman turakun lantarki da taransifoma, hoton nan nata za a zaro a nuna musu, tana murmushi da fasta a hannu. Kuma wanda ya karɓi kyauta bakinsa ya mutu, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Saboda haka ni dai in yaro mai jaka ya sake tsayawa a ƙofata, ba zan kore shi ba, tabarma zan shimfiɗa masa in kawo ruwa. Sannan in ce, ɗan nan, kayan nan nawa ne ko naku? In na gama biya nawa ke nan na zuba gaba ɗaya, faɗa mini a dunƙule, ba mako-mako ba. In na yi rashin lafiya na kasa biya me zai faru da abin da na riga na bayar? Batirin wane iri ne, shekara nawa zai yi, wa zai canza shi, a wane shago, a wane titi? Gidan haya nake, in na tashi da abina zan tafi? Kuma ka kawo mini takardar nan da Hausa, domin kun iya Hausa sarai lokacin talla.

Makon jiya na koma ƙauye. Farantin yana nan a kan kwano ya yi fari fat da ƙura, wayar na reto, akwatin kuwa Gwaggo ta mai da shi mazubin allura da zare. Ta koma 'yar tocilan ɗinta mai batir biyu. Muna zaune take gaya mini wai yaran nan sun fara dawowa ana rubuta sunaye, tun da 2027 ta matso, an ce wannan karon har da fanka. Na ce, "To Gwaggo, kin ba da sunanki?" Ta ce, "Na bayar mana, 'yar nan. Amma na ce da su hoton sai bayan shekara biyu, in fitilar tana ci su zo su ɗauka."