Idon da Ba Ya Ihu

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Daura a 'yan shekarun nan ya ga abin: wani ɗan ƙoƙo mai baƙin gilashi maƙale a saman get, ya ƙura wa motar maigida ido. Masu sayar da shi suna cewa da zarar ka kafa kyamara, sai barci har da minshari. Mu kuwa cewa muke yi yaudara ce a sayar wa mutum ido a ce masa ya ɗauki maigadi.

Ba mu ce tsoron ba shi da dalili ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta karye, kayan mota suka yi tashin gwauron zabi. Batir ɗaya mai kyau kan kusa lashe mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ɓarawon yau ba sai ya tuƙa motar ba. Ya cire batir, ya ɓalle madubin gefe, ya zare birenbos, ko ya shiga ƙarƙashi ya yanke abin tace hayaƙin nan na jikin salansa da kanikawa ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. In kuma motar ce gaba ɗaya, ko babur, daga Daura zuwa iyakar Kongolam ba a rabin sa'a.

To me kyamara ke yi da ƙarfe uku na dare? Tana kallo. Ta ga yaro ya rufe fuska da rawani, ta ga ya buɗe bonet, ta ga ya saɓa batir ya shige lungu. Ba ta tari, ba ta haska tocila, ba ta tada maƙwabci. Da safe maigida ya zauna da waya a hannu yana maimaita kallon asararsa. Wannan shi ne ihu bayan hari. Ko kallon ma sai da wuta. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ya ce zai haɗa mata sola da batir, ya ƙara wa ɓarawo abin ɗauka ne.

Wanda ke ganin matsalar ta ƙarancin kuɗi ce, ya dubi Abuja. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don aikin sadarwar tsaro da kyamarori, yawancin kuɗin kuma bashi ne. An kafa turaku, an maƙala na'urori, daga baya suka zama kwalliyar titi, wasu ma aka sace su. Abin da bai tsare babban birni ba don babu mai kula da shi, ba zai tsare ƙofar gida ba don kawai an ɗaura shi da kusa.

Masu kare kyamara za su kawo hujja, kuma hujjar ta gaskiya ce. A 2009 masana biyu, Brandon Welsh da David Farrington, sun tattara binciken da aka yi a kan kyamarorin tsaro, suka ga laifi ya ragu da kusan rabi a wuraren ajiye motoci na Birtaniya. Amma a ƙarasa karatun. A waɗannan wurare an haɗa kyamarar da ƙarin fitilu da masu gadi. A tsakiyar birane da rukunin gidaje kuwa, raguwar ba ta taka kara ta karya ba. Ashe ɓarawo ba gilashin yake tsoro ba, mutumin da zai fito ne.

Akwai kuma ɓarnar da ba a faɗa wa mai saye. Ta farko, hoton dare dishi-dishi ne. Mai mota cikin fushi ya watsa shi a WhatsApp da Facebook, wani ya ce ai wannan tafiyar ɗan gidan wane ce. A gari irin Daura, inda kowa ya san kakan kowa, wannan kalma ɗaya ta isa ta hana yaro aure, ko ta tara masa 'yan sanduna kafin 'yan sanda su iso. Alhali Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta buɗe wa irin wannan hoto ƙofar kotu. Can ne wurinsa. Ta biyu, kyamarar da aka ce mota take kallo, zauren maƙwabci ma tana kallo: wace mata ta fita, wane baƙo ya shiga, ƙarfe nawa. Addininmu ya hana bin diddigin sirrin mutane, bai kuma ware mai mota ba.

Inda ya kamata a sa ido shi ne wurin mai saye. Ba wanda ke satar batir don ya dafa. Yana sata ne don ya san rumfar da za a karɓa ba a tambaye shi inda ya samo ba. Doka ta tanadi hukunci ga mai karɓar kayan sata, amma sau nawa muka ji an gurfanar da shi? Shi yana nan da fararen kaya a sahun gaba, yaron da ya aika ne ke shan duka.

Saboda haka kiranmu ga masarauta ne, wadda hannunta ya kai kowane lungu a Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu. Hakimai da dagatai su zauna da ƙungiyoyin kanikawa, masu tsofaffin kayan mota da 'yan jari-bola, a ajiye littafi a kowace rumfa: sunan wanda ya kawo kaya, lambar wayarsa, da mai unguwar da ya san shi. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023 'yan bindiga ta sa a gaba, don haka satar lungu aikin unguwa ne. Masu motoci su haɗa kuɗin da kowa zai kashe shi kaɗai, a kafa fitilar sola a bakin layi, a riƙa biyan 'yan sintiri haƙƙinsu duk wata ba sai sun yi bara ba.

Bayan an yi wannan, wanda ya so kyamara ya kafa. Amma da sanin mai unguwa, ta fuskanci titi, ta kau da kai daga zauren mutane, abin da ta ɗauka kuma ya wuce ofishin 'yan sanda kai tsaye.