Sauri Kan Haifi Nawa: Shawara Ga Mai Sayen Uwar Allon Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa cikin kwamfutar tebur ya ga wani faffaɗan allo wanda sauran kayan ke manne a jikinsa. Shi ne uwar allo, kuma ta hanyarsa ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ke samun wuta da saƙonni. 'Yan kasuwa sukan kwaɗaita wa masu wasannin kwamfuta allo mai tsada, da hujjar cewa zai ba su damar zaburar da furosesa ta wuce gudun da masana'anta ta ƙayyade mata. A ganina, wannan ciniki ya daina biyan kuɗin sabulu.

A da can ya biya. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun megahaz 300. Masu allo irin Abit BH6 sun gano cewa in aka ɗaga bugun allon daga megahaz 66 zuwa 100, sai ta kai 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II wadda ta ninka ta tsada. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

To amma zamani ya juya. Tun daga 2008, da Intel ya shigo da fasahar Turbo Boost, furosesa ta koyi ƙara wa kanta gudu in ta ga akwai sarari. Abin da ya rage wa mai zaburarwa ɗan kaɗan ne, kuma yana da farashi. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tashi daidai da gudunta, yana kuma tashi da ƙarfin wuta sau kansa. Idan aka ƙara kashi 10 ga kowannensu, zafi zai ƙaru da kimanin kashi 33. Ko a 2024 sai da Intel ya amsa cewa wutar da ta wuce kima tana lalata wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14, har ya tsawaita garantinsu da shekara biyu.

Yanzu mai karatu ya auna wannan da ɗakinmu a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ga wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa.

Saboda haka shawarata ita ce a sayi allo matsakaici mai ingantattun na'urorin daidaita wuta, a zuba rarar kuɗin a katin hoto da fanka mai kyau, domin galibi katin hoto ne ke yanke hukunci a wasa. Malaman kimiyya kuwa, in sun sami tsohuwar kwamfuta da ba a jin asararta, su zaburar da ita a gaban ɗalibai suna auna zafinta. A nan ne wannan fasaha take da sauran amfani, wato a ɗakin gwaji.