Ba Kullum Ne Laifin Karya Ba

Manomi mai hankali ba ya zargin gona sai ya duba irin da ya shuka. Amma abin mamaki, in aka kai karya barbara sau biyu ko uku ba ta ɗauki ciki ba, nan da nan sai a ce juya ce, a yar da ita, ba mai waiwayar namijin. Wannan kuskure ne da ke jawo wa maharba da makiyaya da masu karnukan gadin gona asara, gama sau da yawa aibin yana wajen kare.

Kare yana iya zama ƙaƙƙarfa, ga gudu, ga cin abinci, yana kuwa hawa sosai, amma maniyyinsa ba shi da amfani. In likitan dabbobi ya duba ɗigonsa da madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, zai ga 'yan ƙwayoyi kamar talibambam, kowace da kai da wutsiya. Lafiyayyu suna iyo gaba sosai. Naƙasassu kuwa, wata wutsiyarta ta naɗe, wata kanta ya cire, wata ma kai biyu gare ta. Irin waɗannan ba safai suke kaiwa ga ƙwan mace ba. Likitoci sun fi so a sami kamar 80 cikin 100 masu kyakkyawar siffa, 70 cikin 100 kuma suna tafiya gaba.

Babban abin da ke ɓata su shi ne zafi. Dalilin da ya sa maraina suke waje ke nan, don su fi sauran jiki sanyi. Saboda haka zazzaɓin da kaska ke kawowa, ko sammore, yana lalata maniyyi. Ƙwayar maniyyin kare takan ɗauki wajen kwana 62 kafin ta ƙosa, watau karen da ya tashi daga ciwo sai a dakata masa aƙalla wata biyu kafin a kai masa mace.

Akwai kuma wata cuta mai suna Brucella canis, wadda aka fara ganewa a Amurka a 1966. Tana kumbura maraina, daga baya su motse, tana sa karya ɓari, har mutum tana iya kamawa. Barbara tana cikin hanyoyin yaɗa ta, sai an gwada jini kuwa ake tabbatar da ita. Haka nan karen da marainansa ɗaya ya maƙale a ciki bai sauko ba, bai kamata a nemi iri gare shi ba, don 'ya'yansa suna iya gadon abin. Dandaƙa ta fi masa.

Wani zai ce kare ne fa, ina dalilin ɓata kuɗi wajen likita? To, ya tuna karya ba ta neman namiji sai kamar sau biyu a shekara. In aka kai ta ga karen banza, wata shida sun tafi ke nan, ba kwikwiyo ko ɗaya, watakila ma ta komo da cuta.

Don haka kafin a karɓi aron kare ko a saye shi don iri, a shafa marainansa a ji duka biyu suna nan, daidai da juna, ba kumburi. A tambayi ko ya yi ciwo kwanan baya. A riƙa cire masa kaska, a ɗaure shi a inuwa, a hana shi bin karnukan gari. In an yi shakka, asibitin dabbobi ya fi zato. Allah ya sa a lura.