A Bar Shinkafa Ta Tsaya a Tukunya

A watan Agustan bara na sauka daga Keke Napep a Kakuri da ke Kaduna, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Ina sunkuyawa in tattare ƙafar wando, wayata ta zame daga aljihun gaba ta faɗa kwata. Na tsamo ta da sauri, na goge da gefen riga, na danna in ga ko tana da sauran rai. Ta kawo haske, na yi hamdala. Da na isa gida Barnawa, gwaggona ta ce, "Ɗan nan, tura ta cikin buhun shinkafa, kafin gari ya waye ta shanye ruwan." Haka na yi. Da asuba na zaro ta na sa a caji. Tun daga ranar ba ta sake motsi ba.

Mai gyaran da na kai wa a Sabon Tasha ya buɗe bayanta ya miƙo min. Wani gari fari-fari mai ratsin kore ya kwanta a kan ƙananan ƙarafunan ciki, ga ɓarin ƙwayar shinkafa maƙale a ramin caji. Ya ce, "Yallaɓai, da jiya ka kawo ta a kashe, da sifirit da burushi kawai za mu wanke ta. Ba kwata ce ta kashe ta ba, caji ne."

Na daɗe ina juya maganarsa. Ruwan kwata, har ma na rijiya da na famfo, ɗauke yake da gishiri da datti, kuma wuta na bin irin wannan ruwa. Idan waya na kunne, sai ya haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba, wani abu ya ƙone. Ko bai ƙone nan take ba, wuta da danshi sukan hanzarta tsatsa. Shi ya sa waya kan yi aiki kwana uku bayan ta jiƙe, mai ita ya saki jiki, ran na huɗu ta ɗauke. Shinkafar da ke waje ba ta da hannun da za ta zaro ruwan da ya shige ƙarƙashin gilashi, balle ta wanke dattin da ya bari. A farkon 2024 an yi ta yaɗa gargaɗin kamfanin Apple cewa kada a sa iPhone cikin shinkafa, domin ɓurɓushinta na iya yi mata illa. Shawararsu ita ce a juya ramin caji ƙasa, a ɗan bubbuga, a ajiye inda iska ke kaɗawa, kuma bushewar na iya kai awa 24.

To me ya sa kowa yake da labarin wayar da shinkafa ta ceta? A ganina amfaninta ɗaya ne: tana ɓoye waya daga hannun mai ita. Wanda ya binne ta a buhu ba ya dannawa, ba ya caji. Haƙurin dole ne ya yi aikin, shinkafa ta karɓi yabo.

Masu shanya waya a kan kwano da tsakar rana ko kusa da murhu sun fi ni ganganci, domin batir ba ya shiri da zafi, yakan kumbura. Fanka ta isa, in an dace da wuta. Zamanin Nokia mai tocila an fi samun sauƙi, ka ɓalle murfi ka cire batir. Tecno da Infinix na yanzu a manne suke, abin da ya rage maka shi ne ka kashe, ka cire sim, ka nufi mai gyara ranar. Haka kibod ɗin da shayi ya zube masa: a zare, a kifa, a goge tun sukari bai daskare a ƙarƙashin maɓallan ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne wurin masu sayarwa. "Wannan ba ta jin ruwa," in ji su. Alamar IP67 ma'anarta zurfin mita 1 na minti 30, a ruwa mai tsabta, a ɗakin gwaji, wayar kuma sabuwa. Tokumbon da aka taɓa buɗewa aka sake liƙewa ba ta da wannan kariya, garanti kuma ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. Mu da ke wannan ƙetaren Kogin Kaduna, da muka ga abin da ya yi wa gidajen bakin ruwa a 2003 da 2012, ya kamata a gaya mana gaskiya tun a kanti. Wayar nan ita ce bankin mai POS, ita ce shagon mai sayar da atamfa ta WhatsApp.

Gwaggo dai har yau tana kan bakanta. Cewa take na yi garaje ne, da na bar ta kwana bakwai da ta tashi. Shinkafar kuwa, da wake muka ci ta.