Wa Ke Riƙe Da Makullin Akwatin?

Da wuya mako ya wuce yanzu ba a ga hotunan irin taron nan ba, kuma suna ta yawo a wayoyinmu: babban zauren otal, matasa suna hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, kowa da minti biyar ɗinsa na bayyana yadda manhajarsa za ta kawar da talauci, daga ƙarshe a ɗaga ƙaton kwalin cak a ɗauki hoto. Ba ni da faɗa da yaran nan. Yawancinsu da gaske suke yi, kuma matashin da ya zauna yana tunanin matsalar manomi ya fi wanda ya tare a ƙofar gidan ɗan siyasa yana jiran na cefane. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jawabin da manya ke yi a wurin, wanda kullum ɗaya ne: wai gwamnati ba za ta iya yin komai da komai ba, don haka kasuwancin amfanar al'umma da sababbin dabaru su ne za su kawo mana adalci. A Najeriya, ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, bai kamata a bar wannan magana ta wuce da tafi kawai ba.

Dabara da kanta ba ta da alƙibla. Wadda ta ɗaga talaka a wannan gari, ita ce za ta danne shi a wancan. Abin da ke raba su shi ne hannun da abin ya koma bayan baƙi sun tafi, da kuma aljihun da riba ke kwana a ciki. Tarihin ƙananan rance ya ishe mu shaida. A 1976 Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a jami'ar Chittagong ta Bangaladesh, ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra, don su kuɓuta daga masu ba da bashi da ruwa waɗanda ke cinye ribar sana'arsu. Daga nan Bankin Grameen ya fito a 1983, mafi yawan masu cin bashinsa mata, kuma su ne ke da kaso mafi girma na hannun jarin bankin. A 2006 aka ba Yunus da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya. Sai masu kuɗi suka hango cewa talaka yana biyan bashi fiye da attajiri. A 2007 kamfanin Compartamos na Meziko, wanda ya faro a matsayin ƙungiyar agaji, ya sayar da hannun jarinsa a kasuwa, waɗanda suka kafa shi suka kuɗance, alhali matan da ke cin bashinsa suna biyan ruwan da ya kusa ninka uwar kuɗi a shekara. A 2010 kamfanin SKS na Indiya ya bi sahu ya tara kimanin dala miliyan 350. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin jihar Andhra Pradesh ta kafa dokar gaggawa, saboda rahotannin mutanen da ke kashe kansu sakamakon matsin masu karɓar bashi. Yunus kansa ya fito ya yi tir da wannan salo. Dabarar ba ta canza ba tsakanin Jobra da Andhra Pradesh. Mai ita ne ya canza.

Mu ma mun ɗanɗana. Manhajojin rancen waya da suka cika ƙasar nan da sunan shigar da talaka cikin harkar kuɗi, su ne ke kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne, a kan bashin da bai kai kuɗin buhun masara ba, har sai da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Ko inda aka yi rancen da gaskiya ma, sakamakon bai kai yadda aka kururuta ba. A 2015 an buga bincike shida da aka yi a Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko, kuma abin da suka nuna shi ne rance yana ɗan buɗa wa mai sana'a hanya, amma bai fitar da jama'a daga talauci ba. Sai batun famfon nan na PlayPump, lilon yara da aka ce wasansu zai riƙa jawo ruwa daga ƙasa. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin dala miliyan 16.4 a kansa. A wasu ƙauyukan Mozambik an cire famfon tuƙa-tuƙa mai aiki aka dasa shi ba tare da an tambayi kowa ba, yara suka gaji da wasan, aka bar mata da tsofaffi suna tura lilo don samun ruwan sha, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa.

To ina dabarar da ta yi adalci? Ba sai mun haye teku ba. A 1991, a yankin Maraɗi na Nijar, ƙungiyar CARE tare da wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes, suka zauna da matan ƙauye suka duba adashen da suka gada kaka da kakanni, suka yi masa gyara kaɗan. Mata ashirin ko talatin su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a kai. Maimakon a kwashe a ba mutum ɗaya kamar yadda ake yi a adashe, sai kuɗin ya zauna a akwati, mai buƙata ta ranta ta yi ƙosai ko ta sayi akuya ta mayar, a ware wani ɗan asusu daban don haihuwa da rashin lafiya da rasuwa, in shekara ta zagayo a fasa a raba, kowace gwargwadon abin da ta zuba. Suka kira kansu Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu ko dala ɗaya daga waje a matsayin jari ba, horo kawai aka ba su. A tsarin da ya yaɗu daga nan zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, akwatin kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa.

A duba abin da wannan tsari ya yi, domin a nan maganar adalci take. Duk abin da aka ƙara a kan rance cikin akwatin yake komawa, ba ya tafiya Legas ko Landan. Wadda ta kasa biya maƙwabciya ce, an san gonarta ta ƙi, an san mijinta yana kwance, don haka hukuncin da za a yanke mata na waɗanda suka san ta ne. Matar da ba ta taɓa magana a gaban taro ba ta zama shugaba ko ma'aji, ta koyi lissafi, ta koyi cewa a'a. Ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa rumbunan tsimi don lokacin bazara da hatsi ke tsada, kuma daga cikin matan nan aka sami waɗanda suka tsaya takarar kansila suka ci. Babu manhajar da za ta iya ba mace wannan, domin iko ne, kuma iko ba a saukar da shi a waya. Na san malamanmu suna da magana a kan ƙarin da ake ɗorawa a rance, kuma maganarsu tana kan hanya, amma fiƙihunmu yana da mudaraba da musharaka da bashi marar ruwa, kuma akwatin zai iya aiki da su ba tare da an taɓa ginshiƙinsa ba.

Misali na biyu ma daga Maraɗin yake. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, a 'yan shekaru sai ga itace. Wuƙa kawai ake buƙata. Wannan shi ne sassaben zamani, kuma manoma da yawa sun san shi tun da can. Me ya hana su yi? Doka. Tun dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, itatuwa irin su gawo na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka suke. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wa zai reni itacen da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan matsi, daga baya dokar daji ta 2004 ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen gonarsa, sannan abin ya kankama. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram: gawo mai zubar da ganye da damina ya takinta gero, harawar dabbobi, itacen girki da mace ba sai ta yi tafiyar wuni ba. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso mai ramukan shuka da ake kira zaï.

Wannan shi ne abin da masu jawabin otal ba sa son ji. Dabarar da ta fi kowace nasara a yankinmu ta zauna a daure sai da hukuma ta saki abin da ta ƙwace. Wato aikin gwamnati yana nan daram, kuma duk jami'in da ya tsaya ya ce matasa su ƙirƙiro mafita alhali shi ne ke zaune a kan dokar da ta toshe mafitar, yaudara yake yi, kuma ya san yaudara yake yi. Kowace damina muna kallon bikin dashen itatuwa, a kawo 'yan jarida, mai girma ya durƙusa ya dasa ɗaya, a zuba miliyoyi a kan dashen da awaki za su cinye kafin kaka, ga kututture masu rai a gonakin Daura da Gumel da Illela babu mai koya wa manomi ya bar su. Dalili a fili yake: a dashe akwai kwangila, a sassabe babu. Haka a ƙasar nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta bar manomin da kakansa ya share gonar ba shi da takardar da banki zai karɓa, ranar da wani babba ya so wurin kuma a biya shi diyyar amfanin gona a kore shi. A wannan hali a ce masa ya sauke manhajar hayar tarakta? Wanda ba shi da tabbas a kan ƙasar da yake takawa, ba tarakta ce matsalarsa ta farko ba.

Za a ce ba jari ba a girma, kuma riba ba haramun ba ce. Haka ne, kuma ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana irin na ColdHubs, waɗanda ke hana tumatir ruɓewa a kasuwa, abin yabo ne ko da mai su yana cin riba. Sai dai sayar wa talaka abu mai amfani ciniki ne mai kyau, a kira shi da sunansa. Ranar da zai zama adalci ita ce ranar da manoman Kadawa suke da kaso a ɗakin sanyin, suke da baki a kan farashinsa.

Don haka ina kira ga masu shirya gasannin nan da masu ba da kuɗinsu: kafin ku ɗaga kwalin cak, ku tambayi mai dabarar wa zai mallaki abin bayan shekara biyar, kuma kaso nawa na ribar zai tsaya a garin. Majalisun jihohinmu kuwa su ɗauko dokokin daji da na filaye da na ƙungiyoyin gama kai su gyara, yadda manomi zai mallaki itacen gonarsa a rubuce, ya sami takardar gonarsa a ƙaramar hukumarsa, ƙungiyar mata kuma ta yi rajista ba tare da ta bi ta hannun ɗan siyasa ba. Wannan aikinku ne, kuma babu matashin da zai yi muku shi a minti biyar.