A GUJI CINIKIN BIRI A SAMA

Babu manomin da ya san abin da yake yi a Bunkure ko Kura da zai karɓi hayar gonar noman rani bai je ya taka ta da ƙafarsa ba. Sai ya duba ko ruwan Tiga yana isa gare ta, ko kuwa tana can ƙarshen magudana inda ruwa kan yanke, sa'an nan ya tambayi maƙwabta abin da ta bayar bara. Amma abin mamaki, idan aka zo batun sayen hannun jari, sai a ga ma'aikaci mai ilmi ya miƙa kuɗin sallamarsa a kan maganar fatar baki.

Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wannan yanki ya zama matattarar shinkafa da tumatir da alkama. Saboda haka ba laifi ba ne idan ƙananan kamfanonin casar shinkafa ko sarrafa tumatir suka nemi jama'a su shigo da jari. Ƙasa tana bukatarsu. Sai dai albarkar gona daban, ribar kamfani daban.

Abin da ya faru a Kadawa ya isa misali. A shekarar 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote, wadda aka tsara za ta sarrafa tan 1,200 a kowace rana. Ba a yi nisa ba tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonaki, tumatir ya yi tsada, injuna suka tsaya. To, idan haka ta sami mai ƙarfin jari, ina ga ƙaramin kamfanin da bashi ya yi wa katutu?

Kasuwar hannun jari ita ma tana da nata darasi. A watan Maris na 2008 ma'auninta ya haura maki 66,000, amma kafin shekara ta zagayo ya zube zuwa wajen 20,000. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu cin bashin banki su sayi hannun jari, da waɗanda suka zuba kuɗi a kamfanonin da suka yi alkawarin shiga kasuwar amma ba su shiga ba. Takarda tana hannunsu, mai saye babu. Wannan shi ne babban hatsarin hannun jarin ƙaramin kamfani: shigarsa da sauƙi, fitarsa da wuya. Kuma da yake masu cinikinsa kaɗan ne, 'yan tsiraru kan iya haɗa baki su hura farashinsa, su sayar su bar na baya da hasara.

Saboda haka wajibi ne mai niyyar zuba jari ya yi bincike da kansa. Da farko ya san cewa takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, shaida ce kawai cewa kamfani yana nan; ba izini ba ce ta karɓar kuɗin jama'a. Wannan izini yana hannun Hukumar Kula da Hannayen Jari, wato SEC, wadda aka kafa a 1979, kuma a wurinta ake tabbatar da rajistar dillali. Na biyu, ya nemi rahoton kuɗi na aƙalla shekara uku wanda odita ya sa wa hannu, ya ga ciniki da riba da bashi. Na uku, ya san shugabannin kamfanin da tarihinsu. Na huɗu, ya je masana'antar ya gani: injin yana aiki kuwa? Wata nawa yake samun shanshera a shekara? Da me yake samun wuta? Daga ƙarshe ya tambaya, ran da bukata ta taso, wa zai sayi hannun jarin nan?

Duk wanda ya yi alkawarin riba tabbatacciya, ko ya ce a yi sauri kada a rufe, to, a yi hattara da shi. Da irin wannan zaƙin baki MMM ta cinye dukiyar jama'a a 2016, CBEX kuma ta maimaita a 2025. Gaskiya ne dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri har na shekara 10 ga masu wannan damfara, amma ɗaurin ɓarawo ba ya mayar da kuɗin fansho.

Ya kamata hukumomi su riƙa wayar da kan jama'a da Hausa ta gidajen rediyo, ɗalibai masu karatun akanta kuma su taimaki iyayensu da karanta rahotannin kamfanoni. Amma nauyin farko yana wuyan mai kuɗi. Kada ya zuba kuɗin makarantar yara ko na taki, kada kuma ya ci bashi domin sayen hannun jari. Abin da bai gane ba, ya bar shi. Hausawa dai sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.